Kafar Wuta a Tsohuwar Bindigar Ƙanƙara: Sharhi a Kan Ma'aunin Masu Kimantawa

1.0 Gabatarwa

A duk sassan bindigar ƙanƙara babu wanda ya kai kafar wuta ƙanƙanta, domin kuwa faɗinta bai wuce a zura tsinken tsintsiya ba. Amma ta wannan 'yar kafa ce wuta take ratsawa daga waje, ta isa ga albarushin da aka ɗura a ciki. In ta toshe, bindiga ta zama sanda. In kuwa ta buɗe fiye da kima, ta zama haɗari ga mai ita da wanda ke tsaye kusa da shi. Saboda haka ne dillalan tsofaffin makamai a Ingila da Amurka, da ma'aikatan gidajen tarihi, da masu sha'awar harbi da makaman da, suka daɗe da ƙa'idojin da suke bi wajen duba ta kafin a yi ciniki.

Manufar wannan sharhi ita ce a auna ƙa'idar da ta fi shahara a cikinsu, wadda suke yi wa laƙabi da "faɗuwar rana". Abin da za a nuna shi ne, ƙa'idar tana da tata gaskiya, sai dai an aza mata kayan da ya fi ƙarfinta, har ta kai tana ɗauke hankalin mai dubawa daga tambayoyi uku da suka fi ta nauyi: watau ina kafar ta ɓulla a cikin bututu, yaya lafiyarta take, kuma ita ce ta asali ko kuwa daga baya aka yi ta.

2.0 Kalmomi da Yadda Abin Ke Aiki

Tun kafin zuwan ashana Bahaushe ya san ƙyastu da ƙanƙara, kuma wannan hikima ce aka ɗora wa bindigar da ake magana a kanta. Ana jingina kammala ƙirarta ga wani maƙerin Faransa, Marin le Bourgeoys, mutumin Lisieux, a farkon ƙarni na 17, ta kuwa yi mulkin fagen fama sama da shekara 200.

A gefen bututu, daf da gindinsa, akwai na'urar ƙyasta wuta. Tana da muƙamuƙin ƙarfe mai riƙe da ƙanƙara, da ƙyastu wanda ƙasansa ya lanƙwasa ya zama marfi, da ɗan kasko inda ake zuba albarushi mai laushi kaɗan. Idan aka ja kunama, sai ƙanƙara ta kankari ƙyastu, marfi ya buɗe, tartsatsi ya zuba cikin kasko, albarushin kasko ya kama. Daga nan zafin wutar ya bi ta wata 'yar huda da ke jikin bututu ya tayar da babban ɗuri. Wannan huda ita ce za a riƙa kira kafar wuta. Gindin bututu kuwa a rufe yake da wani guntun ƙarfe mai haƙoran murɗi irin na noti, wanda za a kira matoshi.

Ya kamata a rarrabe tsakanin bindiga mai sumul ɗin ciki da mai tsagar ciki. Ta biyun an zana mata murɗaɗɗun tsagogi a cikin bututu, domin harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi nesa bai kauce ba. Misalanta su ne doguwar bindigar da maƙeran Jamusawa 'yan ƙaura suka ƙera a wajajen Lancaster ta jihar Fensilbeniya a ƙarni na 18, da bindigar Baker wadda sojan Ingila suka karɓa a 1800, mai tsagogi 7 da bututu inci 30, da kuma samfurin 1803 na maƙerar gwamnatin Amurka da ke Harpers Ferry. A irin waɗannan, harsashi a naɗe yake da ƙyalle, a matse yake shiga, kuma abin da ake nema gare su shi ne dacewar saiti. Don haka lahanin kafa ya fi yi musu illa.

3.0 Ƙa'idar "Faɗuwar Rana"

Ƙa'idar tana cewa, idan aka buɗe marfi aka dubi bindiga ta gefe, ya kamata a ga kafar a tsakiyar kasko sak, tsakiyarta kuma daidai da leɓen kasko na sama, watau rabinta a sama rabinta a ƙasa, kamar rana tana shirin faɗawa bayan gari. Hujjar masu ita kashi biyu ce. Ta farko, wuta sama take yi, saboda haka kafar da ke sama ta fi samun zafi. Ta biyu, kafar da ta yi ƙasa albarushi zai binne ta, wuta ta riƙa cin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar lagwani, a sami jinkiri tsakanin jan kunama da fitar harsashi. A kan haka ne ma wasu suke karkata bindiga bayan sun zuba albarushin kasko, don ya taru nesa da kafar.

Babu shakka siffantawar tana da daɗin ji, tana da sauƙin riƙewa, kuma ko baƙo a harkar yana iya aiki da ita cikin ƙiftawar ido. Wannan sauƙi shi ne sirrin yaɗuwarta, shi ne kuma rauninta, domin an daɗe ana karɓarta kunne ya girmi kaka, ba tare da an gwada ta da ma'auni ba. Dukan abin da ke faruwa daga faɗuwar ƙanƙara zuwa tashin ɗuri, a bindiga mai lafiya, ba ya cika kai kashi ɗaya cikin goma na sakan. Kunnen ɗan Adam da idonsa ba su iya rarrabe bambanci a cikin wannan ɗan taƙi, saboda haka shaidar mai harbi cewa "wannan ta fi sauri" shaida ce mai rauni.

A shekarun 2000 wani mai bincike Ba'amurke, Larry Pletcher, ya auna wannan al'amari da na'urorin ƙidayar lokaci da kyamara mai saurin ɗauka, ya buga sakamakon a mujallar Muzzle Blasts. Abin da ya samu ya saɓa wa abin da aka saba faɗa. Albarushin da aka tara jikin bututu, daf da kafar, ya fi saurin tayar da ɗuri a kan wanda aka ture nesa da ita. Kuma kafar da ta ɗan yi ƙasa, ko da albarushi ya rufe ta, ba ta nuna jinkirin da ake tsoro ba. Ashe dai kusancin wuta ya fi tsayin kafa muhimmanci. Gani ya kori ji.

To, amma adalci bai yarda a yi watsi da ƙa'idar ɗungurungum ba. Tana da amfani guda biyu waɗanda masu ita ba su cika ambata ba. Na ɗaya, kafar da ke daidai leɓen kasko, dugadugin marfi yana rufe ta idan an kulle, ya hana albarushin ciki zubowa. Na biyu, tokar albarushi tana jan laima, kuma a ƙasan kasko dagwalon yake taruwa, saboda haka kafar da ta nutse can ƙasa ta fi saurin toshewa a ranar damina. Bayan wannan, kafar da ta zauna tsaf a tsakiyar kasko alama ce ta maƙeri mai natsuwa. Abin da ba za a karɓa ba shi ne a mai da ita alƙali, a ƙi bindiga mai lafiya don kafarta ta sauka da kaurin farce, ko a yaba ruɓaɓɓiya don tata ta hau layi.

4.0 Inda Kafar Ta Ɓulla a Ciki

Babban giɓin ƙa'idar shi ne, waje kawai take kallo. Kafa tana da baki biyu, kuma na cikin shi ne ke haɗuwa da ɗuri. Abin da ake so shi ne ta ɓulla a ɗan gaban fuskar matoshi, inda albarushi yake zaune. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a zura sandar ɗuri cikin bututu har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bindiga, a zaro ta, a shimfiɗa ta a waje bisa tsawon bututu. Inda ƙarshenta ya tsaya nan ne fuskar matoshi take.

Wannan awo yana iya nuna abu uku. Idan ƙarshen sandar ya ɗan wuce kafar ta baya, to, lafiya lau. Idan ya tsaya gaban kafar da ɗan kaɗan, ma'ana an huda ta cikin haƙoran matoshi ke nan. Tsofaffin maƙera da yawa sun yi haka da gangan, suka goge 'yar kwata a fuskar matoshi don wuta ta bi, saboda haka ba a kiransa jabu. Sai dai kwatar matattarar toka ce, mai wuyar wankewa, kuma tana buɗe wa hayaƙi hanyar shiga haƙoran da ke riƙe da gindin bindiga baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsatsar da ta ci haƙoran matoshi ba a ganinta daga waje.

Idan kuwa sandar ta tsaya gaban kafar da inci ɗaya ko fiye, to, a dakata. Mai yiwuwa ne bindigar tana da irin gindin nan da Henry Nock na Landan ya yi wa rajista a 1787, mai ƙaramin ɗaki a cikin matoshi wanda sanda ba ta iya shiga. Mai yiwuwa ne kuma a ɗure take. Sau da yawa an sha tarar da tsofaffin bindigogi da ɗurinsu a ciki, kuma baƙin albarushi, muddin bai jiƙe ba, yana iya tashi bayan shekaru aru-aru. Duk ma'aunin da ya sa mutum ya tsaya kallon faɗuwar rana bai fara tabbatar da wannan ba, ya gina ɗaki ne ya manta da tushe.

Haka nan kuma, idan kafar ta dace da matoshi amma ta kauce daga tsakiyar kasko zuwa gaba ko baya, laifin ba lalle ne na maƙerin farko ba. Yana yiwuwa an musanya na'urar ƙyasta wuta da wata, ko kuma an datse bututu ta gindi sa'ad da ya cinye, aka sake yanka haƙora, aka matso da shi baya. Wannan gyara ne da aka saba yi wa dogayen bindigogin Amurka. Shaidarsa tana ƙarƙashin bututu, inda za a ga tsofaffin guraben maƙalai a buɗe ba kome, da ramukan ƙusa a jikin itace waɗanda ba su dace da kome ba.

5.0 Lafiyar Kafa

Baƙin albarushi haɗi ne na gishirin albarushi kashi 75 cikin ɗari, da gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Duk sa'ad da ya tashi, wani ɓangare na hayaƙin mai tsananin zafi yana tsartuwa waje ta kafar wuta, yana zaizayar bakinta kaɗan-kaɗan. Tsofaffin bututu da baƙin ƙarfe mai taushi aka ƙera su, saboda haka zaizayar ba ta yi musu wuya. Tsinken ƙarfen da ake sakace kafar da shi ma yana ƙara nasa.

Masu ƙera irin waɗannan bindigogi a yau sukan fara da kafa mai faɗin 1/16 na inci, watau wajen milimita 1.6, wasu su kai ta 5/64, wajen milimita 2. Abin da ya zarce haka sosai a bindiga mai tsagar ciki abin tuhuma ne. Ana aunawa da waya ko gindin ƙusar huji wadda aka san kaurinta, kuma a lura da siffa: kafa mai lafiya zagayayya ce, mai tsabtar baki, wadda wuta ta ci kuwa takan yi tsawo kamar ƙwai, bakinta ya yi gatso-gatso. Illar faɗaɗɗiyar kafa uku ce. Ƙarfin da ya kamata ya tura harsashi yana zurarewa, kuma ba daidai yake zurarewa a kowane harbi ba, sai saiti ya wargaje. Albarushi yana zubowa cikin kasko lokacin ɗuri. Sa'an nan harshen wutar da ke fita ta gefe yana iya ƙona fuskar wanda ke tsaye a dama.

A nan ma ana bukatar sanin tarihi kafin a yanke hukunci. A farkon shekarun 1780 sojan Furushiya sun mai da kafar bindigoginsu mai siffar mazurari da gangan, domin albarushi ya zubo cikin kasko da kansa, soja ya huta da zubawa, ya ƙara saurin harbi. Abin da yake lahani a bindigar maharbi, dabara ce a ta sojan sahu.

Maganin zaizaya tun da can shi ne zobe, watau a faɗaɗa ramin, a dasa wani guntun ƙarfe, a sake huda shi. Manyan maƙeran Turai sun yi amfani da zinariya, daga baya a farkon ƙarni na 19 maƙeran Landan irin su Joseph Manton suka koma ga filatinam, domin duka biyun ba su tsatsa kuma suna jure wuta. Zobe yana da wani amfani kuma: ana rarake shi ta ciki kamar mazurari, albarushi ya matso daf da kasko, maimakon wuta ta ratsa doguwar siririyar hanya cikin kaurin bututu. Tsawon wannan hanya ya fi shafar saurin tashi a kan hawa ko saukar kafa da ake ta jayayya a kai. Amma zobe yana da nasa tambayoyin. Haƙoransa sun kama nama isasshe a jikin bututu, ko kuwa zai iya fizgewa ya fita kamar harsashi? Ya leƙo cikin bututu har yana kama tsumman wanki? An rarake shi har leɓensa ya yi sirantar da zai ɓarke? Zoben farin ƙarfe marar tsatsa, mai tsagar sukundireba a fuska, aikin ƙarni na 20 ne ko bayansa, kome tsufan bindigar da yake jikinta.

6.0 Kafa a Matsayin Mai Ba da Shaida

Nan ne ƙa'idar faɗuwar rana ta fi gazawa, nan ne kuma dukiya ta fi salwanta. A 1807 wani limamin kirista ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar tayar da bindiga da sinadari mai fashewa in an buge shi. Zuwa shekarun 1820 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da irin wannan sinadari ta fara yaɗuwa, kuma a cikin shekarun 1830 zuwa 1850 an juya bindigogin ƙanƙara masu ɗimbin yawa zuwa sabon tsari. Hanyar da ta fi araha ita ce a cire kasko da ƙyastu, a faɗaɗa kafar wuta, a murɗa mata wani ɗan ganga mai tsinin da ake kifa hular a kai. Mutanen wancan zamani ci gaba suka ɗauke shi, domin ruwan sama ba ya hana hula tashi.

Da ƙarni na 20 ya zo, masu tara kayan tarihi suka fifita bindigar da ta tsira da ƙanƙararta ta asali, kuɗinta ya yi wa na juyayyiya nisa. Sai wasu suka shiga mai da juyayyun baya: a cire ɗan ganga, a cike ramin da ƙarfe ko a yi masa walda, a huda sabuwar kafa, a ɗora sabon kasko, a shafa ruwan asid don ya yi kamar ya tsufa. To, mai wannan aiki ya san ƙa'idar faɗuwar rana sarai, kuma daidai inda ta ce nan zai huda. Ke nan kafar da ta fi kowace cika ƙa'ida tana iya zama ita ce mafi ƙarya.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ramin ɗan ganga ya ninka kafar asali sau da yawa, saboda haka cikonsa yakan bar da'ira a jikin bututu, ko wani fili mai launi dabam da na kewaye. Sinadaran tsofaffin huluna masu cin ƙarfe ne ainun, sukan bar zanen zanzana mai zurfi a kan gindin bututu, su babbake itacen da ke kusa. Idan aka ga wannan zanzana ta mamaye wurin amma ta tsaya cak a gefen kafa, ko kuwa bututu ya rarake alhali kasko sumul yake, to, sassan ba tare suka tsufa ba. A bindigar da ba a taɓa ba, cin wutar da ke bakin kafa da na cikin kasko da na fuskar ƙyastu duk labari ɗaya suke bayarwa. A yau ana iya zura 'yar kyamara cikin bututu a ga cikon ta ciki, ko a ɗauki hoton ƙarfen irin na asibiti. Mai da bindiga baya ba laifi ba ne in an faɗa. Ɓoyewar ita ce ha'inci.

7.0 Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Mafi yawan abin da ya iso nan masu sumul ɗin ciki ne, irin na fatauci, waɗanda aka ƙera a Barmingam da Liège. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta ƙara tabbatar da haka, domin ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai tsagar ciki, ta bar musu ta ƙanƙara mai sumul da albarushin kasuwa. Saboda haka bindigar ƙanƙara mai tsagar ciki baƙuwa ce a nan, amma kafar wuta ɗaya ce a duka biyun. Duk tambayoyin da aka jero a sama suna hawa kan tsofaffin bindigogin da ke gidajen tarihi da fadoji da hannun zuriyar maharba. Bambancin kawai shi ne, a nan gyaran maƙerin gida a bakin kafa ba abin ɓoyewa ba ne, shaida ce ta yadda aka rayu da makamin, kuma ya cancanci a rubuta shi a cikin bayanin kayan, kada a goge shi da sunan gyara.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa masu kimantawa mutum biyu ne, bukatarsu kuma ba ɗaya ba ce. Mai tara kayan tarihi asali yake nema, a gare shi cinyayyiyar kafa ta gaskiya ta fi sabuwa mai kyan gani, kuma dasa mata zoben zamani ɓarna ce. Mai son harbi lafiya yake nema, kuma bai kamata ya ɗura wa tsohon bututu albarushi ba sai ƙwararren maƙeri ya kwance matoshi ya duba haƙoransa. Hatimin gidan gwajin Landan ko na Barmingam, wanda aka kafa a 1813, shaida ce ta ranar da aka buga shi kawai. Ƙa'idar faɗuwar rana ba ta amsa wa ko ɗaya daga cikinsu babbar tambayarsa ba.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da sanda, a tabbatar ba kome a ciki, a kuma gano fuskar matoshi. Sa'an nan a karanta ƙarfen da ke kewaye da kafa, a ga ko tsufansa ya dace da na kasko. Bayan haka a auna faɗi, a duba siffa da zobe. Sai an gama waɗannan duka za a tambayi ko kafar ta hau leɓen kasko ko ta sauka, kuma a lokacin za a tarar amsar ba ta cika canja hukunci ba.